Allurar Xolair da borin jinin da ya hana ni barci shekara biyu

Wanda bai taɓa kwana zaune yana susa ba wallahi da wuya ya gane abinda zan faɗa. Borin jini a wajenmu ai ba a ɗauke shi ciwo ba, in ya feso miki sai ace shafa manja, ki sha piriton, zuwa gobe ya baje, kuma gaskiya ne ga yawancin mutane haka yake, kwana ɗaya kwana biyu ya wuce. Toh ni nawa bai wuce ba. A Kano ya fara min a 2021, wata uku bayan haihuwata ta biyu, kullum da an yi sallar magariba sai jikina ya ɗau zafi, cinya da baya da wuya duk su tashi ruɗu-ruɗu kaman an zane ni da dorina, kafin safiya ya kwanta ba ko tabo, yamma na yi ya dawo a wani wajen daban. Wata rana kuma leɓena ne zai kumbura suntum ko fatar ido ta rufe min ido ɗaya, in kasa fita ko ƙofar gida.

Babu abinda ba a hana ni ci ba. Hajiyarmu tace ƙwai ne, na daina, Gwaggo tace kifi ne da gyaɗa, na daina, aka ce naman akuya, aka ce nono, aka ce sabulun wanki, aka jiƙa min sabara, na sha habbatus sauda da zuma har na gaji, wasu ma suka fara cewa a nemi mai ruƙiyya ko jifa ne. Ban ga laifin kowa ba, tausayina suke ji. Abinda har yau yake min ciwo a rai shi ne wani mai kemis a unguwarmu da ya haɗa min prednisolone da dexamethasone, wannan da 'yan mata ke kira sha ka fashe, yace in dinga sha kullum. Ranar farko kam kaman an yi ruwa an ɗauke, na yi barci na yi ta sa masa albarka, amma da na daina sai ciwon ya dawo ya fi na da, sai in koma, a haka na yi kusan wata takwas, fuskata ta zama kaman faranti, ciki ya fito, fata ta yi ta tsagewa a cinya, ga ƙwannafi, da aka auna suga aka ce ya fara hawa. Mutane suna cewa kin yi ƙiba kin yi kyau, ni kuwa na san ba ƙibar lafiya bace.

A 2022 muka bi Abban yara Ingila inda yake karatu, a nan ne karon farko likita ya zaunar da ni ya min bayani. Yace duk borin jinin da ya wuce sati 6 yana zuwa kusan kullum ya tashi daga na yau da gobe, ya zama mai naci, kuma yawanci ba abinci ke kawo shi ba, garkuwar jikin mutum ce da kanta take tayar da wasu ƙwayoyi da ke cikin fata, ana ce musu mast, su kuma su zubo da sinadarin histamin, shi ne ƙaiƙayin da kumburin. Yace ya fi kama mata. Ya duba min jini har da na maƙoƙo, don wasu masu wannan ciwon ana samunsu da matsalar tayirod, nawa lafiya lau. Sannan yace in guji ibuprofen da asfirin da diclofenac don suna tayar wa wasu da shi, ni kuma a lokacin duk wata sai na sha ibuprofen saboda ciwon mara, ashe ina ƙara wa wuta fetur ban sani ba. Ranar na koma gida na soya ƙwai na ci, shekara guda rabona da shi, kuma ba abinda ya ƙaru ba abinda ya ragu.

Ba a fara da allurar Xolair kai tsaye, wannan ya kamata kowa ya sani tun kafin ya sa rai. Sai da aka raba ni da prednisolone a hankali a hankali, don ba a yanke shi rana ɗaya in an daɗe ana sha, aka ɗora ni a kan fexofenadine ƙwaya ɗaya, ba ta riƙe ba, aka mayar biyu, aka kai har huɗu a rana, wanda shi ne ƙarshen abinda likitoci suke yarda da shi a irin waɗannan magungunan da ba sa sa barci, aka ƙara min montelukast da daddare. Duk da haka ina susa. Sai aka tura ni wajen likitan fata, na jira watanni kafin layi ya zo kaina, ita ce ta ba ni wata takarda tace kullum in rubuta maki, yawan ruɗu-ruɗun daga 0 zuwa 3, tsananin ƙaiƙayi daga 0 zuwa 3, a ƙarshen sati a tara, mafi muni shi ne 42. A nan Ingila tun 2015 ƙa'idarsu sai makinki ya kai 28 ko sama kuma sauran magungunan sun gaza sannan a ba ki allurar. Nawa 34 ya kama, wani satin 36.

Sunan maganin na asali omalizumab, Xolair sunan kasuwa ne, kamfanin Genentech da Novartis ne suke da shi. Ba sabo bane, tun 2003 Amurka ta amince da shi, Turai a 2005, amma a lokacin don masu asma kawai, sai a 2014 aka yarda a yi wa masu borin jini mai naci daga shekara 12 zuwa sama. Yadda nas ɗin ta min bayani, akwai wani sojan garkuwar jiki da ake kira IgE, shi ne yake zuwa ya manne a jikin ƙwayoyin mast ɗin nan ya zama kaman kunamar bindiga, toh allurar tana kama shi tun yana yawo a cikin jini ta riƙe shi, in ba shi sai ƙwayoyin su lafa, har wuraren da yake mannewa ma su ragu. Shi ya sa ba ta aiki irin na sitiroyid, wato su prednisolone, da ke danne garkuwar jiki gaba ɗaya, ita waje ɗaya ta nufa. Wannan kaɗai ya kwantar min da hankali bayan abinda na gani a hannun prednisolone.

Ranar farko a watan Maris na 2023 ne, ina tsoro sosai, don sai da suka karanta min gargaɗin kafin in sa hannu. Babban haɗarinta shi ne alaji mai tsanani da ke iya shaƙe mutum, maƙogwaro ko harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, mutum ya suma. Ba ya yawan faruwa, kusan mutum 2 ne cikin 1000, amma yana faruwa, har Amurka ta sa aka rubuta gargaɗin cikin baƙin akwati a takardar maganin tun 2007, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wai yana iya zuwa a allurar farko, yana iya zuwa bayan an shekara ana yi. Saboda haka aka min guda biyu, miligiram 150 a kowane dantse, jimla 300, ƙarƙashin fata ba a jijiya ba, ruwan yana da ɗan kauri don haka a hankali ake tura shi, yana da ɗan raɗaɗi amma bai kai allurar maleriya da muka saba ba ko kusa. Sai aka ce in zauna awa biyu suna duba ni, ga allurar adiranalin, ta gaggawa da ake yi wa wanda alaji ya shaƙe, a ajiye kusa ko da wani abu zai taso. Haka aka yi a zuwa uku na farko, daga baya ya koma minti 30.

Kwana huɗu ban ga komai ba, har na fara cewa a raina ita ma ta bi sahun sauran. Dare na biyar na kwanta bayan isha'i, ban farka ba sai da ƙararrawar asuba ta buga, na tashi zaune ina shafa hannuna ina shafa wuyana, sumul, zanin gado ba ɗigon jini ko ɗaya, don da har fata nake yagewa cikin barci. Abban yara ya shigo ya same ni ina kuka yace lafiya, nace masa barci na yi. Shekara biyu fa. Sati na uku makina ya sauko 4, bayan allura ta biyu ya zama 0, leɓe bai ƙara kumbura ba, na koma sa atamfa da leshi da na ajiye saboda duk abinda ya ɗan matse ni ko ya goge ni sai wajen ya tashi, na koma goya yarinyata.

Amma kar wata ta karanta wannan ta ɗauka kowa haka yake samu. A manyan gwaje-gwaje uku da aka yi kafin a amince da ita, waɗanda ciwon ya ɗauke musu ɗungurungum a sati na 12 kan miligiram 300 tsakanin kashi 34 ne zuwa 44 cikin 100, wasu sauƙi suka samu ba ɗaukewa ba, wasu kuma ba ta musu komai ba. Akwai wata baiwar Allah 'yar Pakistan da muke haɗuwa a ɗakin allura, ita sai a wata na uku ta fara ganin canji, ta kusa haƙura. Kuma ƙa'idar nan in an kai allura ta huɗu ba wani sauƙi tsayarwa ake yi a nemi wata hanyar, yawanci ciclosporin, wanda shi kuma sai ana bin ƙoda da hawan jini.

Ni abinda take min, ranar allura da washegari ina ciwon kai da kasala, farasitamol yana isa. Wajen allurar yana yin ja ya ɗan kumbura kwana ɗaya. Wanda ya fi damuna shi ne ciwon gaɓoɓi, gwiwa da yatsun hannu, kwana biyu zuwa uku, musamman lokacin sanyi, sujada ma sai na lallaɓa, na gaya wa likita tace yana cikin abubuwan da aka sani, amma in ya haɗu da zazzaɓi da ƙuraje da kumburin kaluluwa in kira su nan take. Sannan a watannin farko in sati na huɗu ya kama, kwana biyu uku kafin allura ta gaba, sai in ji ƙaiƙayi yana ɗan leƙowa a tafin hannu, kaman yana tuna min yana nan.

Kuma yana nan ɗin. Allurar ba ta warkarwa, riƙewa take yi. Bayan allura ta 6 aka tsayar a gani ko ciwon ya tafi da kansa, don wannan ciwon yakan gaji ya tafi bayan wasu shekaru, kuma ba hikima a yi ta yi wa mutum allurar da ba ya buƙata, na fahimci wannan sarai. Na yi sati bakwai lafiya, har na kira Hajiyarmu nace mata an rabu, sati na takwas na tashi da ido a kumbure. Na yi baƙin ciki ba kaɗan ba. Alhamdulillahi da aka dawo da ni kanta ta kama kaman farko, ba ta yi min gardama ba.

Yanzu a gida nake yi da kaina, don wanda ya yi uku na farko lafiya kuma bai taɓa samun wancan alaji mai shaƙewa ba likita na iya yarda ya koya. Sirinji ne da aka riga aka cika, ana kawo min cikin mota mai sanyi, in sa a firij, zafin da ake so tsakanin digiri 2 ne zuwa 8, ba a sa shi a firiza, in ya daskare ya lalace sai zubarwa. In ciro shi ya yi kaman minti 30 a waje ya huce, in goge cinya ko ciki, nesa da cibiya kaɗan, in tsunkule fata in tura, in jefa a robar allurai mai ruwan ɗorawa da suka ba ni. Kuma ban taɓa yi ni kaɗai a gida ba, sai Abban yara yana nan, wannan sharaɗi ne na sa wa kaina. Da azumi ya zo na tambayi malaminmu yace allurar da ba ta abinci bace ba ta karya azumi a wajen mafi yawan malamai, duk da haka bayan buɗa baki nake yi saboda ciwon kan nan.

Maganar firij ɗin nan ita ce ta fi tsaya min in na tuna gida. Takardar maganin tace in ya fita daga firij jimlar awa 48 kawai zai iya yi, shi ma in zafi bai wuce 25 ba, toh ina Kano ina 25 a watan Afrilu da ake haura 40, ga wuta da za a ɗauke tun safe sai dare. Da za mu je gida bikin ƙanwata ban ma ɗauko shi ba, na yi allura saura kwana biyu mu tashi, na dawo kafin sati huɗu su cika. Duk wanda za a aiko masa da ita daga waje ko zai saya a hannun wani, don Allah ya tambaya yadda aka ajiye ta tun daga inda ta taso, in a jakar matafiyi ta kwana uku ba ƙanƙara toh kuɗinka ka zubar, kuma ba a kemis ake yinta ba, sai asibitin da ke da adiranalin da iskar oksijin da wanda ya san abin yi in numfashi ya sarƙe. Wani abu kuma da nas ta ja min kunne da ta ji Najeriya za ni, shi IgE ɗin nan da ake kamawa yana cikin masu yaƙar tsutsar ciki, don haka mai wannan allurar in yana inda tsutsa ta yi yawa sai ya kula, in ya ga alama a duba bayan gidansa a ba shi magani. Da na dawo sai da aka duba ni. Mai ciki ko mai shirin ɗauka ita ma ta faɗa wa likita tun farko.

Yayana na Zariya shi asma ce da shi tun yana yaro, abinda tsofaffi ke kira fuka, da hunturu ya shigo da ƙurarsa sai a yi ta kwana asibiti, da ya ji labarina yace ƙanwata ki aiko min da ita kawai. Nace Yaya ba haka ake yi ba. Mu masu borin jini kowa awo ɗaya ake masa duk sati huɗu, ba ruwan nauyi ba ruwan gwajin IgE, amma mai asma sai an tabbatar asmarsa ta alaji ce, an gwada fata ko jini an ga yana tashi da abubuwan da ke cikin gida duk shekara irin ƙwayoyin ƙurar katifa da kyankyaso da gashin mage, sannan a auna IgE ɗinsa a auna nauyinsa, da su ake lissafa yawan maganin da kuma ko duk sati biyu ne ko duk sati huɗu, in awon ya yi sama da yawa ko ƙasa da yawa ma bai shiga ba. Kuma sai wanda yake shaƙa inhelar kariya kullum yadda aka ce amma duk da haka tana kayar da shi. Da na matsa masa da tambaya sai ga shi shuɗiyar nan ta Ventolin kaɗai yake amfani da ita in ta taso, ta kariyar mai ruwan ƙasa ya ajiye wai ba ya jin aikinta. Nace Yaya ai kai ba ka ma zo inda ake maganar allura ba tukuna. Ko wanda aka ɗora a kanta ba ya ajiye inhelarsa, ba ta buɗe ƙirji in asma ta taso, ba maganin gaggawa bace ko kaɗan, kuma sai an ba ta kaman sati 16 kafin a yanke hukunci ko tana yi. Yara daga shekara 6 ana musu don asma.

Tsiron cikin hanci kuwa, wannan naman da ke toshe hanci mutum ya daina jin ƙamshi yana numfashi ta baki, a 2020 aka amince a yi wa manya daga shekara 18 in feshin hanci na sitiroyid bai wadatar ba, shi ma da nauyi da IgE ake lissafawa. Wani dattijo da nake gani a ɗakin allura don asma ake masa amma yana da tsiron, an taɓa masa tiyata ya sake fitowa, yace min wata rana kawai ya ji ƙamshin kofi a kicin bayan shekaru. A Fabrairun 2024 Amurka ta ƙara da masu alajin abinci daga shekara 1, don rage haɗari in an ci bisa kuskure, ba wai a koma cin abin ba.

Sai kuɗi, inda zancen yake ɗaci. A Amurka sirinji ɗaya na 150 ya haura dala 1000 a farashin kamfani, ni kuma biyu nake yi duk wata, ku lissafa da canjin yau. Ni a nan asibitin gwamnati ke ba ni, cikin kuɗin lafiya da muke biya tare da biza, in da daga aljihu ne ko wata ɗaya ba za mu iya ba, kuma ina tuna matan da na bari a gida masu irin ciwona da ba su da wata mafita sai sha ka fashe, raina yana ɓaci. Abinda ya ɗan ba ni fata shi ne wasu kamfanoni sun fara yin irinta, akwai Omlyclo ta kamfanin Celltrion na Koriya ta Kudu da Turai ta amince da ita a 2024, Amurka a 2025, in masu yi suka yi yawa farashi yakan sauko, Allah Ya sa ya sauko har ya iso asibitocin koyarwarmu. Kafin nan mai borin jinin da ya wuce sati 6 ya nemi likitan fata, ya tambaye shi maganar ƙara cetirizine ko loratadine ko fexofenadine a ƙarƙashin kulawarsa, mutane da yawa a nan suke samun sauƙi ba su kai ga allura ba, kuma waɗannan akwai su a gida da araha.

Watan jiya likitata tace tunda na daɗe a 0 za mu gwada tazarar sati 6 maimakon 4, in ya riƙe a ƙara. Yau kwana 33 rabona da allura, takardar makin tana manne a jikin firij, jiya na rubuta 1 saboda tafin hannuna ya ɗan yi ƙaiƙayi bayan la'asar, yau ban rubuta komai ba tukuna. Yaya kuma ya turo min hoton inhelarsa mai ruwan ƙasa, yace ya koma shaƙa safe da dare kafin hunturu ya shigo.